Filin Jirgi da Fitilunsa

A tashar masu babur ɗin haya da ke bayan kasuwa akwai wani dattijo da ake kira Filin Jirgi. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara fari, kuma in babu fasinja a tsugune za ka same shi gaban babur ɗinsa yana goge gilasan fitilu da gefen rigarsa. Sunan bai daɗe a kansa ba. A da Kawu kowa ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Fitilun ne suka ja masa, irin ƙananan nan na zamani masu farin haske da ake kira LED: wasu a kan ƙarfen kare ƙafa, wasu a ƙarƙashin madubai, wata doguwa kamar sanda a saman babbar fitila. Samarin tasha sun ce in ya kunna su gaba ɗaya a bakin layinsu, zakarun unguwa cara suke farawa.

Tun yana saurayi yake kan babur. Da dakon buhuna ya fara, yana kai wa wani ɗan kasuwa kaya ƙauyuka, daga baya ya sayi nasa ya shiga haya. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa kayar da fasinja ba, kuma ba wani sirri ba ne, gudu ne ba ya yi. Tsofaffin mata da masu ciki da masu sayar da ƙwai gara su tsaya a rana su jira shi da su hau na wani.

"Kawu, mai keke fa ya wuce ka," samarin kan ce.

"Ya je abinsa," in ji shi. "In ya isa ya gaishe su, ya ce ina tafe."

Matarsa a sashen wanki da guga na wani asibiti take aiki, can ƙarshen gari, bayan gada. Gajeruwa ce mai kaifin baki, sabulu ya cinye mata tafin hannu har ya yi kaushi. Gimbiya yake ce mata, da tsokana abin ya fara har ya bi ta. Tun ranar da ta kama aikin, lokacin tana goyon 'yarsu ta fari, shi yake zuwa ɗaukarta. Ba ta tashi sai an goge zanen gado na ƙarshe, yawanci rana ta riga ta faɗi. Tana fitowa za ta tarar da shi a bakin ƙofa, ta miƙa masa jaka ya rataya a gaba, ta hau, ta dafa kafaɗarsa. 'Ya'ya sun girma sun watse, mace ta yi aure a wani gari, namiji aiki ya kai shi nesa, amma wannan tafiya ta yamma ba ta canja ba ko da ruwa ake tsugawa. A gida ba su da yawan magana, in ya ci abinci rediyo yake rungumewa. Duk wata shawara ta gidan nan a kan babur aka yanke ta, ita tana faɗa a kunnensa, shi yana cewa to. Da za a tambaye shi abin da ya fi so a duk wuninsa ba zai faɗa ba, don yana jin kunya, amma wannan ne.

Sai dundumi ya same shi. Da rana idonsa garau, yana iya hango fasinja daga ƙarshen layi. Amma da zarar rana ta sunkuya, abubuwa sai su fara narkewa: gefen kwalta ya haɗe da kwata, mutum mai baƙaƙen kaya ya shige cikin bango. Ranar da ya tabbatar, wata gangar shara ya yi wa sallama a ƙofar gidansu, har ya tsaya jiran amsa. Bai yi dariya ba. Ya san ciwon, don shi ya zaunar da mahaifinsa. Ya tuna yadda tsohon, mutum mai faɗa a ji, yake zama a kan tabarma tun magariba yana jiran wanda zai riƙe masa hannu zuwa bayan gida. Tsoro ya kama Kawu ƙwarai, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Abin da ya yi biyu ne. Ya daina ɗaukar fasinja da zarar inuwa ta yi tsawo, ya ce wa 'yan tasha bayansa ne ke ciwo. Sannan ya tafi wajen Tartsatsi, mai gyaran wutar babur, wanda rumfarsa ke jingine da katangar kasuwa.

"A ƙara min fitila biyu," ya ce. "Masu motocin nan ba sa ganin mutum. So nake a riƙa ganina."

Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, don lallai masu mota ba sa ganin mai babur sai sun ji ƙara. Tartsatsi kuwa ba mai yawan tambaya ba ne. Yana da hanyar aikinsa da ba ya canjawa: duk abin da ya ƙara wa babur, a waya ɗaya yake jera shi, da makunni ɗaya, ya naɗe da baƙin salatif. In ka ce masa ya raba, sai ya ce wayarsa ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Fitilu biyun nan suka buɗe wa Kawu hanya kamar an yaye labule. Ya ji daɗi har ya yi wa Gimbiya waƙa a hanya, ta ce ya rufa mata asiri.

Ba a jima ba biyun suka gaza. Idon yana ƙara ja da baya, shi yana ƙara komawa rumfar Tartsatsi. Aka ƙara na ƙarƙashin madubai, aka ɗaga su sama don su kai nesa. Aka ƙara doguwar. A zuwan ƙarshe Tartsatsi ya ga dattijon ya zama babban mai cinikinsa, sai ya yi masa gyara da wata igiyar ƙananan ƙwayaye masu walƙiya shuɗi da ja, ya nannaɗe ta a jikin tanki. Ita wannan ba ta haska ko tsinke a kan hanya. Kawu ya bar ta ne kawai don ta fi sauran tabbatar da cewa so yake a gan shi.

Gimbiya ta sha mita. "Baban yara, wai gidan rawa ka mayar da babur ɗin? Abokan aikina har leƙowa suke ta taga suna dariya."

"Gara su yi dariya da su zo gaisuwa," ya ce.

A tasha kuwa fitilun sun zama abin musu na kullum, wai doka ta yarda ko ba ta yarda ba. Wani ɗan tasha, Mai Jar Hula, ya rantse an hana, shi da idonsa ya ga an ɗora babur ɗin wani a mota a shataletale saboda haka. Ɗan Duƙushi ya ce ƙarya ne, ai doka so take a gan ka, rashin fitila ne laifi ba yawanta ba. Wani ya ce fari ba komai, mai launi ne matsala. Wani ya ce abin ya danganta da jami'in da ka haɗu da shi da kuma yadda suka rabu da matarsa da safe. A cikinsu ba wanda ya taɓa ganin dokar nan a rubuce, amma kowa da jijiyar wuya yake magana. Kawu yana gefe yana goge gilashi, ba ya sa baki. Shi ba wannan ce damuwarsa ba.

Wata yamma ya ɗan makara, taya ta yi masa faci. Lokacin da ya doshi gada rana ta gama faɗuwa, ya kunna komai. Daga nesa ya hango wani abu mai ƙyalli a tsakiyar hanya yana ɗaga hannu, da ya matso ya ga jami'in kula da hanya ne cikin rigarsu mai ɗaukar ido. Ya gangara gefe ya tsaya.

Jami'in ba yaro ba ne, ya manyanta, kuma da hannu a kan idonsa ya ƙaraso.

"Baba, don Allah kashe su tukuna in ga fuskarka."

Kawu ya kashe. Duniya ta rufe masa, ya riƙa kallon inda muryar ke fitowa.

"Barka da aiki, Yallaɓai."

"Barka kadai, Baba. Ka san daga nesa na ɗauka motar asibiti ce? Har na tsayar da motoci don ka wuce. Sai ga ka kana tafe kamar mai rakiyar amarya."

"Don a gan ni ne, Yallaɓai. Masu motocin nan..."

"Na sani, kuma ban ga laifinka a nan ba. Ni ma ina da babur. Ba mu hana mutum ƙara fitila don a gan shi ba. Amma biyu sun isa, fari ko rawaya, a ƙasa da babbar fitila, suna kallon kwalta. Shuɗi da ja masu walƙiya na masu jiniya ne. Waɗannan na sama kuwa da ka ɗaga, duk wanda ke tahowa ta gabanka makantar da shi kake yi. Ka taɓa tunanin yadda mutum yake ji yana kan hanya ba ya ganin gabansa?"

Maganar ta shige Kawu fiye da yadda mai yin ta ya nufa, ya ji kunya ta gaske, don bai taɓa kawo waɗancan mutanen a ransa ba.

"Da wani ne da na ɗora babur ɗin a mota," in ji jami'in. "Amma kai ubanmu ne, kuma na ga hular kwanonka a kanka, takardunka ma ba sai na duba ba. Bari in cire maka mai launin nan da na saman, in bar maka biyun ƙasa, ka tafi abinka."

Ya ciro filaya daga aljihu, ya haska da wayarsa, ya laluba ƙarƙashin tanki ya datse wayar da ke zuwa ga igiyar shuɗi da ja. Ya ce a kunna a gani. Kawu ya danna makunni, ya sake dannawa. Babu ko ɗaya da ta kawo. Aikin Tartsatsi ke nan, an yanke ɗaya an yanke duka. Jami'in ya ɗan yi ƙoƙarin haɗawa, ya ga salatif a kan salatif, ya haƙura.

"Wanda ya yi maka aikin nan Allah ya shirye shi. Ba komai, gobe ka koma ya sa maka biyun yadda na faɗa. Ni nan aka ajiye ni yanzu, kullum da yamma, zan duba maka da kaina. Tayar mu ga babbar."

Kawu ya taka kik, babur ya tashi, fitilar asali ta kawo ɗan jan haskenta. A wurin jami'in wannan haske ne isasshe. A wurin Kawu kuwa kamar an kunna ashana a cikin rijiya. Kuma nan take ya gane ba na yau kaɗai ba ne. Hanyar asibiti ɗaya ce, ta kan gadar nan, ga mutumin kirki an dasa a bakinta, biyu masu kallon kwalta kuwa sun daɗe da daina isarsa.

"Yallaɓai," ya ce, "ka kama babur ɗin."

"Na'am?"

"Ka kama shi. Laifi na yi, a bar doka ta yi aikinta."

Jami'in ya tuntsire da dariya. "Tun da na sa rigar nan ba a taɓa roƙona wannan ba. Baba, fushi ka yi?"

"Ba fushi ba ne. Don girman Allah ka ɗora shi a mota."

Da gaske yake. In an kama babur, zai kira Gimbiya ya ce ta hau tasi, a gida ya zazzagi jami'ai ita ma ta taya shi, a kwashe kwanaki ana zirga-zirgar karɓo shi, kafin nan wataƙila ya samo wata dabara. Kuma duk abin da zai faɗa mata gaskiya ne. Yana iya kiranta ya ce babur ya lalace, amma Kawu a lissafinsa ɓoye abu daban, shirga wa matarsa ƙarya da bakinsa daban. Haka dai yake raba wa kansa abin don ya samu barci.

Jami'in ya dafa masa kafaɗa. "Ni ba zan sa dattijo kamarka ya taka a ƙasa ba. Fitilarka lafiyarta ƙalau. Allah ya kiyaye hanya." Ya juya ya koma tsakiyar titi, yana ganin ya yi aikin lada.

Kawu ya sa giya ya hau gada. Ita fitilar asali ta irin babur ɗinsa da inji take tafiya: in ka murɗa totur ta yi haske, in ka sassauta ta dushe. Ya san wannan tun yana saurayi, bai taɓa damunsa ba sai yau. In ya tafi a hankali yadda ya saba, ba ya ganin komai. In ya murɗa don ya gani, gudun ya fi ƙarfin idonsa. Mutumin da mai keke ke wucewa ya sami kansa yana ƙara wuta a kan gada don kawai ya ga kwalta, gumi yana bin bayansa, fitilun motocin da ke tahowa suna watsa masa fari a ido.

Yana sauka daga gadar ya ji ihu a gabansa. Ya take birki da ƙafa da hannu, babur ya ja taya ya tsaya a karkace. Wata mata ce, da goyo a bayanta, tayar gaba tana taɓa zanenta. Bai gan ta ba sai da ta yi ihun.

"Makaho ne kai?" ta ce. "Tsoho da kai kana gudu kamar ɗan ƙwaya!"

Ya ba ta haƙuri har ta yi nisa yana bayarwa. Sannan ya kashe inji ya sauka. Ya riƙe kan babur ya fara turawa, yana bin gefen kwalta da tafin ƙafa, inda ya ji yashi ya san ya kauce.

Da ya isa ƙofar asibiti, akwai ƙwan lantarki a saman ɗakin mai gadi, ya ɗan ga inda yake. Mai gadin ya leƙo.

"A'a! Yau an ɗauke wuta a filin jirgin ne?"

Gimbiya tana zaune a kan benci da jakarta a cinya. Ta taso tana faɗa tun kafin ta iso, wai ƙafafunta sun kumbura, wai sauro ya gama da ita. Sai ta lura.

"Ina tarkacen?"

"Jami'i ya yanke."

"Allah ya yi masa albarka, ya raba ni da abin kunya. Shi ya sa ka turo shi, zuciya ka yi?" Ta rataya jakar da kanta, ta hau, ta gyara zama. "To, tayar mana, Baban yara, na gaji."

Yana tsaye riƙe da kan babur. Bai ɗaga ƙafa ba.

"Gimbiya, sauko."

"Mai ne ya ƙare?"

"Akwai mai. Sauko in gaya miki." Ta sauko tana kallonsa. Ya ce, "Ba na gani. In rana ta faɗi ba na ganin hanya. Irin na Baba ne."

Ba sai ya yi mata bayani ba, don ita ce ta riƙa jan hannun tsohon a shekarunsa na ƙarshe. Mai gadi ya ja kansa ya koma cikin ɗaki.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"An kwana biyu."

"Tun fitilun farko?"

"Kafin su da kaɗan."

"Shi ne ciwon bayan da ya hana ka ɗaukar fasinja da yamma?" Muryarta ta fara hawa. "Wato 'ya'yan mutane ka tausaya musu, ni kuwa buhun gawayi ce, in na faɗi a karkaɗe a ɗora? A asibiti fa nake aiki! Ɗakin likitan ido yana kallon igiyar shanyata, labulen tagarsa ni nake wankewa, kullum sai mun gaisa. Ka zaɓi Tartsatsi ya zama likitanka?"

"Na yi laifi."

"Ban tambaye ka ko ka yi laifi ba. Me ya sa?"

Ya sunkuyar da kai. Mutum ne da bai iya irin wannan magana ba, sai ta fito masa a dunƙule.

"Tsoro na ji. In aka sani, cewa za a yi in daina zuwa ɗaukarki."

Ta juya masa baya tana gyara ɗankwalin da bai kunce ba. Mai gadi ya leƙo a hankali ya ce ko a bar babur ɗin a wurinsa ya kwana, ya tsayar musu da tasi.

"Bar shi, mun gode," in ji ta. "Shi ya zo ɗaukata, da shi zan koma."

Ta zuge jaka ta zaro farar rigar aikinta da ta naɗe za ta kai gida, ta warware ta, ta ɗora a kan kayanta masu duhu. Ta yi gaba har ta fita daga hasken ƙwan mai gadi, ta tsaya a gefen hanya.

"Kana ganin wannan?"

Ya ƙura ido. Can a cikin baƙin akwai wani abu fari, dishi-dishi, mai faɗin kafaɗun matarsa.

"Ina gani."

"To biyo shi. Kada ka kalli fitilun motoci."

Suka kama hanya, ita a gaba, shi a baya yana tura babur da jakarta a rataye. Ba ta waiwayo ba. Sun kusa gada ta yi magana, a tsawace, kamar mai ba da umarni a ɗakin wanki.

"Gobe tare za mu fito da safe. Likita zai gan ka kafin in taɓa ruwa."

"To."

"Kuma kai za ka gaya wa yara da bakinka, ba ni ba."

"To."

Suka ɗan ƙara tafiya.

"Kwata a damanka," ta ce. "Matso hagu."

A wannan karon muryar ta karye a tsakiya, a nan ya gane kuka take yi tun ɗazu. Ya yi kamar bai ji ba, don ya san ba ta son a sani. Ya karkato da babur ɗin hagu, ya ci gaba da bin farar rigar.